Gamsuwar uwaye da ƙoƙarin yara a lakwal: kada a yi cinikin biri a sama

Jawabi gaban taron uwayen ƴan lakwal, ƴan kasuwa da ma'aikata, a birnin Damagaram



Gaisuwa da girmamawa ga masu unguwanni da limamai, da alhazai ƴan kasuwa, da ma'aikatan gwamnati manya da ƙanana, da malaman makaranta maza da mata, da uwaye mata waɗanda kullum su ke tada yara da sassafe su shirya su zuwa lakwal. Allah ya saka wa kowa da alheri a kan barin rumfarsa ko wurin aikinsa domin halartar wannan zama.

Batun da ya tara jama'a a yau ƙarami ne a baki, amma nauyinsa ya kai na gadon gida. Shi ne: idan uba ya ce ya gamsu da makarantar firamare ta gwamnati da ke unguwarsu, shin maganarsa shaida ce cewa ɗansa yana samun karatu? Amsar da wannan jawabi zai kare, da hujjojin da aka tattara a nan jihar Damagaram da sauran jihohin Nijar, ita ce a'a. Gamsuwar uba ba ta zama shaida sai ranar da aka kwance masa bakin buhu ya ga abin da ke ciki. Kafin wannan rana, abin da ke tsakanin uwaye da lakwal cinikin biri a sama ne.

Abin da ido ke gani daga bayan danga

Wanda ya tsaya bakin ƙofar wata lakwal a Birni, ko Zango, ko Sabon Gari, ko Garin Malam, ya tambayi magidanci yaya makarantar yaransa, amsar da zai fi ji ita ce: «Alhamdu lillahi, ba laifi.» In ya matsa masa da tambaya, sai magidancin ya jero dalilansa: an gina ajin siminti da rufin kwano, an jawo ruwan famfo, mushe yana zuwa, ba a yawan koro yara a kan kuɗi, kuma yaro bana ya wuce aji. Dukkansu abubuwa ne da ake hangowa daga bayan danga. Ba ko ɗaya cikinsu da ke gaya wa uba ko ɗansa, wanda ya shekara 4 a kan benci, zai iya karanta wasiƙar da kawunsa ya aiko daga Agadas ko daga Kano.

Ba a zargin uwaye da wauta a kan wannan ma'auni. Mutumin da ya ga ɗiyarsa tana karatu cikin ajin zana ya san darajar rufi. Ajin zana ba ya tsayuwa sai an yi girbi an samu kara, saboda haka shekarar karatun da hukuma ta ce ta fara a watan Oktoba, a ƙauyuka da yawa na Mirya da Magarya da Matamai sai Nuwamba ko Disamba take kankama, kuma da ruwan farko na damina ya sauka, shi ke nan an tashi. Ga kuma gobara. A watan Afrilu na 2021 a unguwar Pays-Bas ta Yamai, da watan Nuwamba na 2021 a Maraɗi, wuta ta cinye azuzuwan zana, kuma kowane karo yara 20 ko fiye da haka suka rasa rayukansu, Allah ya jiƙansu. Hukumomin lokacin da bakinsu sun ce irin waɗannan azuzuwa sun kai wajen dubu 36 a faɗin ƙasa. Uban da ya gode wa Allah don ɗansa ya samu ajin siminti yana da gaskiya. Sai dai rufi yana kare yaro daga wuta da ruwa ne, ba ya koya masa baƙi.

Maganar «ya wuce aji» ita ma tana da rami a ƙarƙashinta. Domin rage cunkoso da rage yawan yaran da ke barin makaranta, hukumomin ilimi sun daɗe da ɗaukar tsarin rage maimaita aji. Yaro yana iya tashi daga CI zuwa CP, daga CE1 zuwa CE2, ba tare da wannan tashi ya nuna ya riƙe abin da aka koyar ba. Haka nan takardar jarrabawar aji in ta ce yaro ya zo na 3 cikin 80, ba ta faɗi ko na ɗaya ma ya iya karatu ba. Awo guda da kowa ya sani, wanda ake jiran sakamakonsa a gidaje, shi ne sartifika ta ƙarshen CM2. Ita kuwa an jingine ta wajen shekara 10, sai a 2024 aka maido da ita. Maido da ita abu ne mai kyau, amma tana zuwa ne bayan shekara 6, lokacin da icen ya riga ya bushe, ba ya tanƙwaruwa.

Makaranta biyu, ma'auni biyu

Mutanen Damagaram ba baƙin karatu ba ne. Tun kafin Sarki Tanimu ya kewaye Birni da ganuwa a ƙarni na 19, akwai malamai da almajirai a wannan ƙasa, kuma manyan fatake irin su Malam Yaro, masu hulɗa da Kano da Tarabulus, da rubutu suke riƙe amanarsu. Abin lura shi ne yadda uba ke bin diddigin ɗansa a makarantar allo. Ya san in yaro yana babbaƙu, ya san in ya shiga farfaru. Ya san ranar da ya kai Sabbi, da ranar da ya kai Amma, da Tabara, da Yasin, har ma akan yi sadaka a wasu daga cikin waɗannan matakai. Da dare yana iya cewa: «Zo ka biya mini allonka.» Ko shi bai yi nisa ba, kunnensa ya san inda aka yi tuntuɓe. Ranar sauka kuwa, gaban jama'a yaro ke karantawa. Malamin da almajiransa ba su gaba, unguwa ba ta daɗewa ba ta sani ba, kuma kuɗin Laraba ya koma wani zaure.

Lakwal ba ta haka ta shigo ba. Ta biyo bayan sojan Faransa da suka kama Damagaram a 1899, suka mai da ita hedkwatar mulkinsu daga 1911 har 1926, lokacin da suka tattara suka koma Yamai. Buƙatar Nasara ita ce tafinta da magatakarda. Ta hannun sarakuna da masu gari ake ɗibar yara, sau da yawa bisa tilas, shi ya sa masu hali suka riƙa ɓoye nasu suna miƙa na talakawa. Harshen koyarwa ba na gida ba ne, littafin ba mai iya dubawa a gida, mushe kuwa wakilin hukuma ne da ba a yi wa tambaya. Lokacin da ƙasa ta samu ƴancin kai a 1960, yaran da ke lakwal ba su kai kashi 5 cikin 100 ba. Daga nan aka gaji wata ɗabi'a wadda har yau ba ta bar gidaje da yawa ba: lakwal ta gwamnati ce, yaron da aka kai can ɗan gwamnati ne, uba nasa ido.

Zamanin jam'iyyu da yawa ya buɗe bakin jama'a a kan abubuwa masu yawa, amma ya zo wa lakwal da nasa ciwo. Bayan kisan ɗalibai a gadar Kennedy ta Yamai ranar 9 ga Fabrairu 1990, da Taron Ƙasa na 1991 wanda ɗan wannan gari Farfesa André Salifou ya shugabanta, sai aka shiga shekarun bashin albashi da yajin aiki da shekarun karatu da suka tafi a banza. Karya darajar sefa a watan Janairu na 1994 ta ƙara tsadar kaye da alƙalami a kan magidanci. A wannan lokaci ko yaro 1 cikin 3 bai samu shiga lakwal ba. Dokar tsarin ilimi ta 1998 da shirin shekara 10 da aka fara a 2003 sun sa gaba ga buɗe ƙofa, kuma ƙofa ta buɗe: a tsakiyar shekarun 2010 adadin ya haura kashi 70 cikin 100. Wannan aiki ne babba, musamman ga jiha kamar Damagaram wadda ƙidayar 2012 ta nuna ta fi kowace jiha yawan jama'a, da mutum wajen miliyan 3 da rabi. Tambayar da ta rage ita ce: waɗanda suka shiga, da me suke fitowa?

Abin da awo ya nuna

Akwai wani awo da ƙungiyar ministocin ilimi na ƙasashe masu amfani da Faransanci ke gudanarwa, ana kiransa PASEC. Jarrabawa iri ɗaya ake yi wa yaran ƙasashe daban-daban, a farkon firamare da ƙarshenta. A zagayen 2014, cikin ƙasashe 10, Nijar ce ta zo ƙarshe. Cikin yaran da suka kai CM2, waɗanda suka kai matakin da ake buƙata a karatu ba su cika kashi 10 cikin 100 ba, haka nan a lissafi. Wato cikin yara 10 da suka jure shekara 6, ana saye musu kaye ana wanke musu tufafi, 9 sun fito ba su iya karanta ɗan labari su fahimce shi yadda ya kamata ba. A zagayen 2019 abin ya yi dama, masu kai matakin a karatu suka kai wajen kashi 30 cikin 100. Ci gaba ne da ya cancanci yabo, kuma ya nuna cutar tana jin magani. Amma ko a wannan lissafi, yara 7 cikin 10 suna baya.

A nan ne ya kamata alhazan kasuwar Dole su yi tunani da irin nasu hankali. Ba ɗan kasuwar da zai biya kuɗin buhun gero don buhun sabo ne, ɗinkinsa ya yi kyau. Sai ya soka ƙarfe ya fiddo ƙwaya ya duba, in ya yi shakka ya sa a juye a auna masa, ya tabbata tiya 40 ɗinsa sun cika. Mutumin da ba ya yarda a cuce shi da tiya ɗaya, shi ne yake miƙa ɗansa shekara 6 ba tare da ya taɓa cewa a auna masa ba. Ba sakaci ne kaɗai ya jawo haka ba. Ba a taɓa ba shi tiyar awon ba.

Gwajin 2007 a Damagaram da Tawa

Wani zai ce: to ai an kafa kwamitin kula da makaranta, wanda aka sani da COGES, daga baya aka sake masa suna CGDES, kuma uwaye ke zaɓen shugabanninsa. Gaskiya ne. Tsarin ya samu ƙarfi ta hanyar shirin «Makaranta don kowa» na hukumar agaji ta Japan, wato JICA, wanda ya fara a jihar Tawa a 2004, ya shigo Damagaram, sannan ya game ƙasa. Ta hannun waɗannan kwamitoci jama'a sun gina azuzuwa, sun haƙa rijiyoyi, sun zaga gida-gida neman a sa ƴaƴa mata lakwal. Ba mai musun wannan.

Sai dai an taɓa gwada ƙarfin kwamitocin a nan gida, kuma sakamakon ya isa darasi. A ƙarshen 2007, ma'aikatar ilimi tare da Bankin Duniya sun ware makarantu 1.000 a jihohin Damagaram da Tawa. Aka yi ƙuri'a, 500 suka samu tallafin kuɗi kai tsaye a hannun kwamiti, 500 ba su samu ba, domin a gwama. Kuɗin ba su da yawa, ba su kai jika guda a kan kowane yaro ba. Masu bincike biyu, Elizabeth Beasley da Élise Huillery, suka bi sawun abin da ya faru, aka buga sakamakon a 2017. Inda aka ba da kuɗin, uwaye sun ƙara zuwa taro, sun ƙara ɗaukar nauyi, kayan makaranta sun ƙaru, yaran ƙananan azuzuwa sun ƙaru. Amma makin yara a jarrabawa bai motsa ba, kuma abin mamaki, fashin malamai ƙaruwa ya yi.

Ma'anar wannan a fili take. Uwayen Damagaram ba su ƙi lakwal ba. Da aka ba su dama, sun tashi tsaye. Amma sun kashe kuɗi da ƙarfinsu a kan abin da idonsu ke iya aunawa, wato gini da kaya, tun da ba wanda ya nuna musu inda ciwon yake. Ta ɓangaren malami kuma, manomin da bai taɓa zama a aji ba, in ya fara ƙirga wa mushe ranakun zuwa, ba shi da sandar da zai tsawata da ita, domin ba shi ya ɗauke shi aiki ba, ba shi ke biyansa ba. Ƙarshenta sai a samu ɓacin rai ba tare da gyara ba.

Bayan wannan an yi wani gwaji a jihar Tillaberi ƙarƙashin shirin JICA, wanda wani mai bincike ɗan Japan, Eiji Kozuka, ya bayyana sakamakonsa a 2018. Can ma makarantun da aka ba kuɗi kaɗai ba su ga canji a makin yara ba. Amma akwai rukunin da aka haɗa wa kuɗi da horo: aka yi wa yara ɗan gwaji, aka tara gari aka gaya musu sakamakon ƙiri-ƙiri, aka nuna wa kwamiti yadda zai tsara aikinsa a kan abin da gwajin ya nuna. Da uwaye suka ji da kunnensu yawan yaran da ba su iya ba, sai suka shirya ƙarin darasi bayan an tashi da karatun dare, suka sayi abin da karatun ke buƙata. A waɗannan makarantu maki ya tashi. Kuɗin iri ɗaya ne, talaucin iri ɗaya ne. Bambancin shi ne an kwance wa waɗannan bakin buhu, kuma an nuna musu abin da za su yi da hannunsu.

Wannan sharaɗi na biyu yana da muhimmanci. A ƙasar Indiya, inda ƙungiyar Pratham ta fara auna karatun yara gida-gida tun 2005, an gwada a gundumar Jaunpur an ga cewa gaya wa jama'a sakamako kawai bai canja komi ba. Abin da ya yi aiki shi ne horar da samarin gari su riƙa koya wa yara karatu da yamma. Jin mummunan labari ba tare da hanyar fita ba, baƙin ciki kawai yake ƙarawa.

Harshe da malami

Gamsuwar uwaye tana iya kuskure ta fuska biyu. Kamar yadda uba ke yabon lakwal ɗin da ba ta koyar da komi, haka yake iya kushe wadda ke koyarwa. Damagaram tana da misali a cikin gidanta. A wannan gari ne aka buɗe makarantar gwaji ta farko a Nijar a 1973, inda yaro ke fara karatu da rubutu da lissafi da Hausa, sannan a shigo masa da Faransanci sannu a hankali. Binciken da aka yi a shekarun baya ya nuna yaran irin waɗannan makarantu sun fi sakin jiki a aji, sun fi saurin kama karatu, kuma ba su zama baya ga takwarorinsu ba ko a Faransancin. Duk da haka uwaye da yawa, har da ma'aikata, sun yi ta ɗari-ɗari da su, suna cewa ba don Hausa suka kai yaro lakwal ba, Hausa ai a gida ma ya iya. Ga kunnen uba, yaron da ke rera jimlolin Faransanci da ka ya fi kama da ɗan boko, ko da bai san ma'anar abin da yake faɗi ba. Makarantun gwaji suka yi shekaru da dama suna nan a matsayin gwaji.

Kundin sake gina ƙasa da aka zartar a watan Maris na 2025 ya ɗaga Hausa zuwa matsayin harshen ƙasa, ya bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki. Ko mene ne ra'ayin mutum a kan siyasar da ta haifi wannan mataki, yana da amfani guda ga batun yau: yaron da ya koyi karatu da harshen gidansu, uwarsa tana iya cewa ya karanta mata, ta ji da kunnenta ko daidai ne. Danga ta faɗi ke nan tsakanin gida da aji. Amma rubutu a kundi ba ya zama littafi a hannun yaro. Sai an buga littattafai, an horar da malamai a makarantu irin ta Askiya Muhammadu da ke nan garin, kuma an kula da haƙƙin yaran Barebari da Fulani da Buzaye da Tubawa na wannan jiha, waɗanda su ma suna da harshen gidansu.

Game da malami, adalci ya wajaba. Ƙofar da aka buɗe da sauri tun ƙarshen shekarun 1990, da ƴan sa kai aka cika ta, waɗanda suka koma ƴan kwantiragi, har suka zama mafi rinjayen masu riƙe alli a ƙasar. Da yawansu an tura su aji da ɗan gajeren horo, ga ɗan abin da ake biyansu yakan makara, ga tafiyar kwanaki daga ƙauye zuwa inda ake karɓarsa. Jarrabawar da ma'aikatar ilimin firamare ta yi musu a 2017 ta nuna da yawa ba su samu maki 10 cikin 20 ba, kuma an sallami wasu. Laifin wanda aka ɗauka bai kai na wanda ya ɗauke shi ya tura shi gaban yara 80 ba littafi ba. A cikinsu kuma akwai jarumai, maza da mata, da ke koyarwa tsakani da Allah a cikin rana da ƙura. Irin waɗannan su awo zai fi amfana, domin a yau ba abin da ke bambanta su da malalaci a idon gari.

Waɗanda suka fice

Akwai wani dalilin da ya sa ba a jin ƙorafi sosai a bakin ƙofar lakwal ta gwamnati, kuma ya shafi mutanen da ke zaune a wannan taro. Masu iya ƙorafin sun fice. Ma'aikacin da ya san yadda ake duba kaye, ya san ofishin sufeto, da ya ga abin ba daidai ba, sai ya cire ɗansa ya kai makarantar kuɗi. Alhajin da ke da murya a gari ya kai nasa madarasa mai zaman kanta, ko ya tura shi Kano ko Katsina, ko ya zaunar da shi a shago. Ba mai zarginsu, kowa ɗansa ya sani. Amma lakwal ɗin unguwa ta rage hannun mai turin kura da mai tallan ƙosai da manomi, waɗanda «ba laifi» ɗinsu sau da yawa haƙuri ne, ba gamsuwa ba. Mai ƙirga shiru ya ce yarda ce, ya ruɗi kansa.

Ficewar kuma ba ta raba kowa da sakamako. Yaron da ya bar CM2 bai iya karatu ba, in ya shiga kwaleji ba ya daɗewa ake koro shi, ga shi ya girma da komawa gona, ga shi ba sana'a. Damagaram ta san majalisun samari marasa aikin yi da ake kira «palais», ta san abin da zaman banza ya jawo wa wasu unguwanni. Ɗan kasuwar da ke neman yaron shago mai iya rubuta bashi da karanta rasit, da shugaban ma'aikata mai neman sakatare, daga wannan rijiya ɗaya za su ɗebo. Gobarar maƙwabci ba a kallonta daga kan katanga.

Abin yi

Abin da wannan jawabi ke roƙo ba ya buƙatar jiran Yamai ko wata ƙasar waje. Na farko, kowane kwamitin makaranta ya sa ranar awo sau 3 a shekara: farkon shekarar karatu, tsakiyarta da ƙarshenta. Gwajin ba ya wuce minti kaɗan ga kowane yaro: ya gane baƙaƙe, ya karanta kalmomi, ya karanta ɗan labari ya faɗi abin da ya ji, ya yi lissafin canji irin na kasuwa. A tara uwaye maza da mata a bayyana sakamakon yadda kowa zai gane, ko da tsakuwa ne a kasa kashi-kashi: ga tulin masu karanta labari, ga na masu kalmomi, ga na waɗanda ko baƙi ba su gane ba. Kada a kira sunan yaro a kunyata shi, kada a mai da zaman kotun malami. Darakta da malamai su ne za su riƙe gwajin, uwaye su zama shaidu.

Na biyu, kada a tashi daga wannan zama sai an yanke abin da za a yi wa tulin ƙarshe. A raba yara gwargwadon inda kowa ya tsaya, ba gwargwadon ajinsa ba, a ba su awa ɗaya ko biyu da yamma. A nan ake buƙatar ma'aikata, musamman tsofaffin malamai da masu ritaya, da ɗaliban Jami'ar André Salifou da na lise Amadu Kuran Daga. Ma'aikacin da ɗansa ke makarantar kuɗi, ba abin da ya hana shi zama magatakarda ko ma'ajin kwamitin lakwal ɗin unguwarsu.

Na uku, alhazan da Allah ya hore wa, waɗanda ba su taɓa gajiya da gina masallaci da haƙa rijiya ba, su tuna cewa fitila mai aiki da hasken rana, da littafin karatu, da ɗan alherin mai koyarwar yamma, su ma sadaka ce mai gudana. Kuma su nemi lissafi kamar yadda suke nema a shago: a farkon shekara yara nawa ke karanta labari, a ƙarshenta nawa.

Na huɗu, kwamiti ya riƙe littafin kwanakin da aka yi karatu, ya rubuta dalilin kowace ranar da aka rasa. Ranar da malami ya tafi neman albashinsa, wannan ƙorafi ne da za a kai wa hukuma tare da malamin. Ranar da ya yi fashi ba dalili, wannan magana ce ta sufeto. In an rarrabe biyun, malami zai ga kwamiti abokin tafiya ne, ba ɗan sanda ba. Hukuma kuwa nata bashin yana nan a wuyanta: albashi a kan lokaci, littafi a hannun kowane yaro, da ajin da ba ya cin wuta.

Wataƙila awon farko ya rage yawan masu cewa «ba laifi». Kada wannan ya tsorata darakta ko sufeto. Ɓacin ran uban da ya san inda ɗansa ya tsaya ya fi amfani ga makaranta bisa godiyar wanda bai sani ba, domin shi ne zai kawo tabarma da fitila da yamma. In shekara ta zagayo, uwa ta ce wa ɗiyarta «zo ki karanta mini», yarinya ta karanta, to gamsuwar da za ta biyo baya ita ce wadda za a iya kafa hujja da ita.

Allah ya shiryi zuri'a, ya ba malamai haƙuri da lada, ya zaunar da Damagaram da Nijar baki ɗaya lafiya.